Muhawara: koyarwar zaɓe, mene ne nauyinta, ta ina kuma za a kama ta a aji?

Malama Saratu:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ajin manya na makarantar Lahadi zai shiga Afisawa wata mai zuwa, ga shi tun aya ta 4 ta surar fari an ce Allah ya zaɓe mu cikin Almasihu tun ba a kafa duniya ba. Tambayata biyu ce. Wannan koyarwa tana da nauyin da za a ba ta makonni, ko a taɓa ta sama-sama a wuce? In kuma za a tsaya a kanta, ta ina za a fara don kada aji ya tashi da gardama? Masana tauhidi a taimaka.

Rabaran Ishaku:
Malama, sannu da ƙoƙari. Tsallakewa dai ba za ta yiwu ba. Ko kin kauce mata a Afisawa 1, za ki tarar tana jiranki a Yahaya 6 da 15 da 17, da Ayyukan Manzanni 13:48, da Romawa 8 zuwa 11, da 1 Bitrus tun ayoyin farko. Katolika sun yarda akwai zaɓe, 'yan Luta sun yarda, Metodis ma haka. Inda aka rabu shi ne a kan me Allah ya dogara da ya yi zaɓen.

Nauyinta a nan yake: ita ke amsa tambayar wa ya fara. Mutum biyu sun zauna benci ɗaya, sun ji wa'azi ɗaya, wannan ya tuba, wancan ya fita yana hamma. Me ya raba su? In kika ce na farkon ya fi hankali ko ya fi taushin zuciya, kin ba shi abin taƙama, Afisawa 2:8-9 kuwa ta rufe wannan ƙofa. Tambayar Bulus a 1 Korantiyawa 4:7 ke nan, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba?

Amma kafin ki buɗe aya ko ɗaya, ki rubuta kalma biyu a allo ki wanke su. Ta farko ita ce zaɓe kanta. Da Bahaushe ya ji ta, hankalinsa ya tafi ga akwati da ƙuri'a da ɗan takara mai yawon nuna ayyukansa. Zaɓen Littafi Mai Tsarki ya juya wannan hoto. A Maimaitawar Shari'a 7:7-8 an gaya wa Isra'ila ƙiri-ƙiri cewa ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta, dalilin yana cikin ƙaunar Allah da rantsuwar da ya yi wa kakanninsu. Ta biyu ita ce ƙaddara, wadda fassarar Hausa ta sa a Afisawa 1:5 da Romawa 8:29. A bakin mutanenmu ƙaddara ta haɗa kome, haɗarin mota, ɓarin ciki, faɗuwa jarrabawa, asarar kasuwa. Ƙaddara ta riga fata, a shafa fuska a tashi. In kika bar kalmar haka, rabin ajin za su tafi gida da cewa Bulus yana koyar da rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Malam Ayuba:
Bari in ƙarfafa wannan da Helenanci. Kalmar da aka fassara ƙaddara ita ce proorizo, wato a riga a shata iyaka, kamar mai auna gona yana kafa turaku kafin a yi shuka. Sau 6 kawai ta fito a Sabon Alkawari: Ayyukan Manzanni 4:28, Romawa 8:29 da 8:30, 1 Korantiyawa 2:7, Afisawa 1:5 da 1:11. Malama ki sa aji su buɗe su ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da aka ƙaddara a kowace. Za su samu gicciyen Almasihu, da hikimar bishara, da zaman 'ya'ya, da ɗaukar kamannin Ɗan, da gado. Ba wadda a cikinsu ta yi maganar hallaka. Aikin minti 15 ne, amma yana sauke rabin tsoron da mutane ke shigowa da shi.

Abin da maƙwabtanmu Musulmi ke nufi da imani da ƙaddara ya fi kusa da abin da tauhidin Kirista ke kira tanadin Allah, wato mulkinsa a kan kowane abu da ke faruwa. Su ma malamansu sun sha muhawara tsakanin Jabariyya da Ƙadariyya da Mu'utazila, har Ash'ariyya suka zo da bayanin kasbu, wato Allah ke halittar aiki, bawa kuma ya ɗauki alhakinsa. Zaɓe ya fi wannan ƙunci. Maganar ceto ce, kuma a cikin Almasihu. Afisawa 1:3-14 jimla ɗaya ce tal a Helenanci, kalmomi kusan 200, kuma "cikin Almasihu" ko "cikinsa" yana ta dawowa kamar amshin waƙa.

Malam Haruna:
Baba Rabaran, na yarda da gyaran kalmomi, amma misalin benci akwai ƙugiya a ciki. An jera shi yadda duk wanda bai bi Kalvin ba, mai cewa zaɓe bai dogara ga kome a cikin mutum ba, zai zama mai taƙama da kansa. Arminiyus, malamin Holan da ya saɓa wa wannan koyarwa, bai taɓa cewa mutum yana tuba da ƙarfinsa ba. A duba takardar da almajiransa suka miƙa wa hukumomin Holan a 1610, shekara guda bayan rasuwarsa. Batu 5 ne. Na uku ya ce mutum ba ya iya samar wa kansa bangaskiya mai ceto, dole Ruhu Mai Tsarki ya sāke haifarsa. Na huɗu ya ce alheri ne farko da tsakiya da ƙarshen kowane abin kirki, sai dai ana iya ƙin sa, suka kafa hujja da Ayyukan Manzanni 7:51. Na biyar, ko mai bi zai iya fanɗarewa har ya hallaka, ba su ma yanke ba, cewa suka yi a ƙara bincike.

Almajiri ya miƙa ƙoƙo aka zuba masa tuwo, wa zai ce ya yi aikin da ya ci lada? Wanda ya kife ƙoƙonsa shi ke da laifi, wanda ya karɓa ba shi da abin fahariya. Mu abin da muke cewa, Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya ta wurin alherin da ya rigaye su. Romawa 8:29 ta sa sani kafin ƙaddarawa, 1 Bitrus 1:2 ta ce bisa ga rigyasanin Allah Uba. Nauyin koyarwar a wurinmu shi ne halin Allah. In 1 Timoti 2:4 ta ce yana so dukan mutane su sami ceto, Ezekiyel 33:11 kuma ya rantse ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ba za mu gina koyarwar da za ta sa waɗannan ayoyi su zama maganar fatar baki ba.

Malam Ayuba:
Malam Haruna, a kan sanin nan akwai abin lura. Romawa 8:29 ba ta ce abin da ya riga ya sani game da su ba, waɗanda ya riga ya sani ta ce. Mutanen ne aka sani. A Ibrananci kalmar sani, yada, tana ɗauke da kusanci, shi ya sa Amos 3:2 ta ce ku kaɗai na sani cikin dukan kabilan duniya, alhali Allah bai jahilci Masar da Assuriya ba. Romawa 11:2 ma haka. Sai dai in yi maka adalci, kalmar Helenanci ta riga sani ta fito sau 5 a Sabon Alkawari, kuma a Ayyukan Manzanni 26:5 da 2 Bitrus 3:17 ma'anarta sanin abu tun da wuri ne kawai. To a waɗannan biyun mutane ne masu sanin. Nahawu shi kaɗai ba zai raba gardamar ba, kowa ya daina cewa Helenanci yana bayansa ɗari bisa ɗari.

Danjuma:
Ni dai yadda aka saba faɗa mana a taron matasa ya fi sauƙi. Allah ya jefa maka ƙuri'a, Shaiɗan ya jefa ta ƙin ka, taka ce za ta raba gardama. Mene ne laifin wannan?

Malam Haruna:
Danjuma, wannan ko ni ban karɓe shi ba. Ya mai da Allah da Shaiɗan tsara, kowa ƙuri'a ɗaya, kai kuma alƙalin zaɓe. Ya kuma ɗauka kana tsaye a tsakiya ba ka karkata ko'ina ba, alhali Afisawa 2:1 ta ce matattu ne mu cikin laifofinmu. Wesli da kansa, wanda ya kafa Metodis, zai yi watsi da shi.

Rabaran Ishaku:
Ga wuri ɗaya da ni da Malam Haruna muka sha inuwa ɗaya. Wannan misali ya fi kusa da ra'ayin Felajiyus, mai cewa mutum yana iya zaɓar nagarta da ƙarfin kansa, wanda majalisar Kartej a Tunisiya ta yau ta ƙi a 418. Malama ki gaya wa aji cewa wannan muhawara a Afirka ta fara zafi. Agustin bishop ne na Hippo, garin Annaba na Aljeriya ta yau. Da farko shi ma yana ganin bangaskiya daga mutum take farawa, Allah ya cika sauran. Wajen 396, yana amsa tambayoyin Simfilishiyan a kan Romawa 9, ya canja, daga baya ya ce ayar nan ta 1 Korantiyawa 4:7 ce ta kama shi. Shekara ɗari bayan rasuwarsa ba ɗaya, a 529, majalisar Orenj a kudancin Faransa ta tsai da cewa ko mafarin bangaskiya kyautar alheri ce, ta kuma la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta.

Komawa ga ƙoƙo. Misalin yana da daɗi, amma wa ya sa wannan almajiri ya miƙa, wancan ya kife, in alherin da aka ba su iri ɗaya ne? Nan majalisar Dort, taron ikkilisiyoyin Rifom a Holan da ya amsa takardar 1610, ta tsaya, daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, ta ce bangaskiya 'ya'yan zaɓe ce, ba saiwarsa ba. Afisawa 1:4 cewa ta yi an zaɓe mu domin mu zama tsarkaka. Ba ta ce don an hango za mu zama ba. Ayyukan Manzanni 13:48 kuma ta ce waɗanda aka shirya wa rai madawwami suka ba da gaskiya.

Malam Haruna:
Sai a karanta aya ta 46 ta wannan surar tare da ita, inda Bulus ya ce wa Yahudawan Antakiya ku ne kuka ture maganar, kuka hukunta kanku ba ku cancanci rai madawwami ba. Kuma tun da an kawo Dort, a faɗi duka. Ba zaman tattaunawa tsakanin tsara ba ne. An kira su Efiskofiyus, almajiran Arminiyus, ne a matsayin waɗanda ake tuhuma, shugaban zaman, Bogerman, ya kore su a Janairu 1619, fastoci kusan 200 suka rasa kujerunsu, aka kuma fille wa Oldenbarnefelt kai a watan Mayu, dattijon siyasar da ya tsaya musu. Siyasar Holan ta shiga ciki dumu-dumu.

Rabaran Ishaku:
Ban musa ba, tarihi ne. Amma a karanta abin da majalisar Dort ta rubuta kafin mu yanke mata hukunci. Kashi na biyu, sakin layi na 3, ya ce mutuwar Almasihu ta isa ta biya zunuban duniya duka har da rara. Na 5 ya ce a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai da dukan mutane ba tare da wariya ba. Kashi na farko, sakin layi na 17, ya ce iyaye masu bi kada su yi shakkar ceton 'ya'yansu da suka mutu suna jarirai. Duk faston da ya taɓa tsayawa bakin ƙaramin kabari ya san darajar wannan layi. Kalmar TULIP, taƙaitawar batutuwa biyar na masu bin Kalvin, da matasa ke yawo da ita a Facebook, ba Dort ce ta ƙirƙira ba, dabarar hadda ce ta masu Turanci a ƙarni na 20, tsarin ma ba haka yake a asali ba.

Fasto Filibus:
Ku biyun kuna magana kamar hanya biyu ce kawai. 'Yan Luta suna da ta uku, tana cikin sashe na 11 na yarjejeniyar bangaskiyarsu ta 1577. Wanda ya tsira, alherin Allah ne kaɗai, ba gudummawar kome daga gare shi. Wanda ya hallaka, laifinsa ne kaɗai, Allah bai ƙaddara shi ga wuta ba, da gaske yake kiransa. In ka ce lissafin bai daidaita ba, sai mu ce haka ne, mun tsaya inda Littafi ya tsaya. Abin da ke ɓoye na Ubangiji ne, abin da aka bayyana namu ne da 'ya'yanmu, Maimaitawar Shari'a 29:29.

Malam Ayuba, ka duba mana Romawa 9:22-23, ina ganin nahawu yana taimakonmu a can.

Malam Ayuba:
Yana taimako, amma da iyaka. A aya ta 23, tukwanen jinƙai, an faɗi sarai Allah ne ya riga ya shirya su domin ɗaukaka. A aya ta 22, tukwanen fushi, kalmar dabam ce, an kuma ce shiryayyu ne domin hallaka ba tare da an ambaci wanda ya shirya su ba, abin da aka jingina wa Allah a wurin shi ne haƙuri mai yawa. Don haka ko masu bin Kalvin da yawa suna cewa hannun Allah a ceto da hannunsa a hukunci ba iri ɗaya ba ne. Haka zancen Fir'auna. A Fitowa 4:21 Allah ya riga ya ce zai taurara zuciyarsa. Amma a 8:15 da 8:32 Fir'auna ne ya taurara kansa, sai a annoba ta shida, ta marurai, 9:12, aka fara cewa Ubangiji ya taurara shi a cikin jerin annobai. Aji su ja layi biyu a takarda su jera ayoyin, su gani da idonsu cewa duka biyun suna nan.

Wani abu kuma, "Yakubu na ƙaunata, Isuwa na ƙi" a Romawa 9:13 ba daga Farawa take ba. Daga Malakai 1:2-3 take, fiye da shekara dubu bayan tagwayen, ana maganar Isra'ila da Edom. Masu cewa zaɓen na jama'a ne nan suke kafa ƙafa. Masu cewa na ɗaiɗaiku ne kuma su nuna 9:11, tun ba a haife su ba, ba su yi nagarta ko mugunta ba, da 9:24 inda ake kiran mutane daga cikin Yahudawa da al'ummai.

Katekis Yakubu:
Salama. A Katolika an yi irin wannan gardama a cikin gida. 'Yan Dominik, bisa koyarwar Toma Akwinas, suka ce alheri mai aiki shi da kansa yake motsa nufin mutum. 'Yan Jeswit, bisa littafin Molina na 1588, suka ce Allah ya san abin da kowane mutum zai yi da yardar ransa a kowane hali da za a sa shi, da wannan sani ya tsara duniya. Roma ta kafa kwamiti, aka yi kusan shekara 10 ana zama, a 1607 Fafaroma Bulus na Biyar ya sallame su, ya hana kowane ɓangare kiran ɗan'uwansa ɗan bidi'a. Har yau haka abin yake. Abin da aka tsayar, a lamba ta 1037 ta Katekizim, Allah bai ƙaddara kowa ga jahannama ba. Majalisar Tirent kuma a 1547 ta gargaɗi mutum kada ya bugi ƙirji ya ce tabbas yana cikin waɗanda aka ƙaddara, sai da wahayi na musamman. A nan muka rabu da ku a kan tabbacin ceto.

Dattijo Bulus:
Kun ba da tarihi mai kyau, amma Malama aji za ta shiga, ba kwalejin tauhidi ta Bukuru ba. Kuma a tuna ajin manya a garuruwanmu gauraye ne. Akwai wanda ya tashi a CRCN ko NKST inda Dort take cikin takardun bangaskiya, akwai ɗan LCCN daga Numan, akwai 'yar Metodis daga Taraba da aure ya kawo, akwai wanda ya fito daga Fentikos. Don haka abin da ke lalacewa in an koyar da wannan ba daidai ba shi nake so a kama.

Na farko sakaci da bishara. Mutum ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, to me zai kai ni ƙauye? Maganinsa Ayyukan Manzanni 27. Mutum 276 a jirgi, guguwa kwana 14. Mala'ika ya gaya wa Bulus ba ran da zai salwanta. Da matuƙan suka sauke ƙaramin kwalekwale da wayon za su saki anka, suna shirin gudu, Bulus ɗin nan ne ya ce wa jarumin soja, in waɗannan ba su zauna a jirgi ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka datse igiyoyin. Ya kuma sa kowa ya ci abinci. Wanda ya tsara ƙarshe shi ya tsara hanyar kai wa can. A Koranti ma, Ayyukan Manzanni 18:9-11, cewa aka yi masa ina da mutane da yawa a birnin nan, ya zauna shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Wiliyam Keri da ya tafi Indiya a 1793 daga Baftis masu riƙe da zaɓe ya fito, kuma da masu irin wannan sakaci a cikin ɗarikarsa ya yi fama.

Na biyu girman kai na ƙabila ko ɗarika. Mu ne zaɓaɓɓu, su wane kuwa itacen wuta. An ga inda wannan ya kai a Afirka ta Kudu, inda aka yi wa wariyar launin fata rigar tauhidi, har ƙungiyar ikkilisiyoyin Rifom ta duniya ta kira shi bidi'a a taronta na Ottawa a 1982. Amos 3:2 da Malam Ayuba ya kawo, a ƙarasa ta: saboda haka zan hukunta ku. Ibrahim kuma an kira shi ne domin dukan kabilan duniya su sami albarka ta wurinsa, Farawa 12:3.

Na uku masu cewa zaɓaɓɓe ba ya talauci, ba ya ciwo. A Ayyukan Manzanni 9:15 an kira Bulus zaɓaɓɓen ma'aikaci, aya ta gaba ta ce zan nuna masa irin wahalar da zai sha saboda sunana.

Mama Rifkatu:
Baba Dattijo ka bar na huɗu, wanda ya fi zuwa wa mata a zumunta. Mace ta zo bayan an tashi, murya ƙasa-ƙasa, ta ce Mama, in ni ba na cikinsu fa? Yadda za a bi da ita ke nan. Kada a fara da Romawa 9, kada kuma a ce mata ai kina zuwa sujada, ba kome. A tambaye ta tun yaushe tunanin ya fara, tana barci, tana cin abinci, ta haihu kwanan nan ko an yi mata rasuwa. In mako biyu ko fiye ba barci ba ci, tana kuka ba dalili, a haɗa addu'a da asibiti, don wani lokaci ciwon damuwa ne ya sa rigar tauhidi. Bayan haka a buɗe Yahaya 6:37 a sa ta karanta da bakinta, rabi biyun duka: duk wanda Uba ya ba ni zai zo gare ni, wanda kuma ya zo ba zan kore shi ba ko kaɗan. A tambaye ta, rabin farko aikin wa ne? Na Uba. Na biyu fa, me ya ce ki yi? Ki zo. To ba a aike ki leƙen littafin rai ba. In wani zunubi ne takamaimai ke cin ta, a yi maganarsa da sunansa, a kai ta 1 Yahaya 1:9. Kada a sallame ta da zama ɗaya, a sa ranar dawowa.

Rabaran Ishaku:
Mama kin faɗi abin da Kalvin ya faɗa ba tare da kin ambace shi ba. A littafi na uku na babban aikinsa, bugun 1559, sura ta 24, ya ce Almasihu ne madubin da za mu duba zaɓenmu a ciki. Abin lura ne ma inda ya ajiye koyarwar, surori 21 zuwa 24, bayan ya gama bangaskiya da barata da addu'a. Bai sa ta a ƙofar gida ba. Dort ma, kashi na farko sakin layi na 16, ta ce wanda bai ji tabbaci ba tukuna kada ya firgita ya lissafa kansa cikin yasassu, ya ci gaba da jin Magana, gama Allah ba ya karya kyauron da ya tanƙwasa. Anglikan a sashe na 17 na sassansu 39 sun yi gargaɗi iri ɗaya, koyarwar tana da daɗi ga mai tsoron Allah, tana da haɗari ga mai bin diddigi don son sani kawai.

Malam Haruna:
A nan ba mu da faɗa. Bambancin zai fito ne in matar ta tambaya ko za ta iya ɓata bayan ta zo. Baba Rabaran zai kai ta Yahaya 10:28-29 da Romawa 8:30, ni zan kai ta can in ƙara da Ibraniyawa 3:12-14 da Yahaya 15:6. Wesli da abokin wa'azinsa Witfil, mai bin Kalvin, sun rabu a kan zaɓe tun wa'azin Wesli na 1739 a Biristol, amma da Witfil ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan.

Malam Ayuba:
Kada a manta da Karl Bart, masanin tauhidi ɗan Suwizalan, ko da a jimla biyu. A 1942 ya juya tambayar, ya ce Yesu Almasihu shi ne Allah mai zaɓe, shi ne kuma mutumin da aka zaɓa, ƙin da ya cancance mu a kansa ya sauka. Masu suka suka ce wannan hanya tana gangarawa zuwa ceton kowa da kowa, shi kuma ya ƙi tsai da hakan a matsayin koyarwa. Ba na aji ba ne, amma abu ɗaya nasa yana da amfani ga Malama: kafin a yi maganar mu zaɓaɓɓu, a yi maganar Zaɓaɓɓen, Ishaya 42:1, Luka 9:35, 1 Bitrus 2:4.

Malama Saratu:
Na gode ƙwarai iyayena. To in na fahimta, mako nawa, kuma wanne kafin wanne? Minti 45 ne muke da shi kowace Lahadi.

Dattijo Bulus:
Mako 5 ya isa. Lahadin farko kalmomin nan biyu a allo da ayoyi 6 na Malam Ayuba, sai Ibrahim da Isra'ila. Ta biyu Almasihu Zaɓaɓɓe, daga nan a shiga Afisawa 1:3-14, a karanta da ƙarfi a tashi ɗaya, aji su ƙirga sau nawa aka ce cikinsa, su kuma nemo "domin yabon ɗaukakarsa" a aya ta 6 da 12 da 14, su ga aikin Uba da na Ɗa da na Ruhu. Ta uku Romawa, amma ki ba su aikin gida tun mako guda kafin nan su karanta daga 8:28 har 11:36. Wanda ya karanta sura ta 9 ita kaɗai bai ga hawayen Bulus a 9:1-3 da addu'arsa a 10:1 da "yaya za su ji in ba mai wa'azi" a 10:14 a matsayin abu ɗaya ba. Ta huɗu ce ranar ra'ayoyi. Ki ba kowane ɓangare minti 10, ki faɗi ra'ayinsa yadda mai shi zai ce e, haka nake nufi, sa'an nan ki faɗi matsayin ikkilisiyarku a fili, bayan kin tuntuɓi fastonku. Tambayoyi a rubuce a takarda, don in aka buɗe baki mutum biyu ne za su cinye lokacin. Ta biyar Kolosiyawa 3:12-13 da 2 Bitrus 1:5-10, abin da zaɓaɓɓe ke sawa a jiki: tausayi, tawali'u, haƙuri, yafe wa juna.

Fasto Filibus:
Ni zan matsar da Romawa 8:28-39 ta zama ta ƙarshe. Ga mutanen da aka ƙona wa gida ko suka kwana a sansanin gudun hijira, "wa zai kai ƙarar zaɓaɓɓun Allah" da "wa zai raba mu da ƙaunar Almasihu" su ne abin da za su riƙe. Ga masu shan wuya aka rubuta ayoyin, takobi da yunwa da tsiraici suna cikin jerin.

Danjuma:
To Yahuza fa? Yahaya 6:70 ta ce Yesu ne ya zaɓe su su goma sha biyu, ɗaya kuma shaiɗan ne.

Malam Ayuba:
Tambaya mai kyau, Malama ki sa ta a mako na huɗu. Akwai zaɓe domin aiki, akwai zaɓe domin ceto, kalma ɗaya ce ke ɗaukar duka biyun. Saul an zaɓe shi sarki, Sairus na Farisa an kira shi shafaffe a Ishaya 45:1 alhali aya ta 4 ta ce bai san Ubangiji ba. A Yahaya 6:70 zaɓen manzanci ne. A 13:18 kuma Yesu ya ce ba dukanku nake nufi ba, na san waɗanda na zaɓa, nan ya ware Yahuza. Danjuma ka karanta biyun a jere, ka ƙara da 17:12.

Malam Haruna:
Ka ƙara masa da Ayyukan Manzanni 1:25, inda aka ce Yahuza ne ya bauɗe daga hidimar ya tafi nasa wuri. Malama, ranar mako na huɗu in kina son takardar 1610 da ta Dort a Hausa mai sauƙi, shafi ɗaya-ɗaya, ni zan rubuta ta Dort, Baba Rabaran ya rubuta ta 1610, kowa ya duba ta ɗan'uwansa kafin a turo miki.

Rabaran Ishaku:
Na karɓa. Turo taka kafin Alhamis, ina da jan biro.